Yajin Awaza da Hancin Kawu Ilu

Kafin in shiga magana, ya kamata in faɗa cewa ban gama amincewa da ƙwaƙwalwata ba. Abubuwan nan sun daɗe da faruwa, kuma wanda ya shafe shekaru yana tsaye cikin hayaƙi, ranakunsa kan narke cikin juna. Wata ranar kasuwa nakan tuna ta da hadari, in sake tunawa in gan ta da rana tarwai. Saboda haka duk inda na ce "ina jin" ko "wataƙila", a ɗauka haka nake nufi.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne samarin da ke zuwa wurina su ce suna so su koyi gashi. Yawancinsu masu ilimi ne, wasu ma sun gama bautar ƙasa. Sukan tsaya su dubi kwanon yaji su ce, "Baba Sabi'u, ai wannan barkono ne da ƙuli, mun gani a waya, minti biyar ake haɗawa." Ba na jin haushinsu, domin ni ma da irin wannan tunanin na zo. Na dawo ƙauyenmu da ke gabas da Gezawa da takardar digiri a cikin leda, na yi shekara biyu ko fiye ina hawa motar Kano ina kai takardun neman aiki. Daga baya mahaifiyata ta ce in je in riƙa taya ƙanenta, Kawu Ilu, wanda ke da tukuba da wayar gashi a kasuwarmu ta mako. Dangin mahaifina malamai ne, kuma ina jin ba duka suka ji daɗin ganina da wuƙa ba, amma babu wanda ya faɗa mini a fuska.

Aikin farko da Kawu ya ba ni shi ne cire tantanin awaza. Awaza ita ce ɓarin haƙarƙarin rago, da ƙasusuwanta a jere. A cikinta akwai wani farin tantani siriri da ya manne da ƙashi, wanda idan ba a ɗaye shi ba yaji ba zai ratsa nama ba, a sama zai zauna ya ƙone. Ana sa bakin ƙaramar wuƙa a ƙarƙashinsa a ɗaga, sannan a kama da tsumma a ja a hankali. Na yi wata guda ina yaga shi gutsi-gutsi. Kawu kuwa sau ɗaya yake ja ya fito ɗungurungum, ya ɗaga shi ga rana har kana hango itatuwan kasuwa ta cikinsa. Kayan aikinmu ba su da yawa: barho na sara, ƙaramar wuƙar nan, dutsen wasa wuƙa, turmi biyu, rariya mai laushi, wayar gashi, da takardar buhun siminti da ake cire bayanta a yi amfani da ta ciki mai tsabta. Turmi ɗaya na kayan ƙamshi ne, ɗaya na ƙuli, kuma ba a taɓa musanya su.

Kuskurena na farko mai girma a kan yaji ne. Wata rana Kawu ya tafi jana'iza ya bar mini awaza biyu, sai na ɗebo yajin tsire na shafe su da shi sosai, na ɗora a wuta. Da ya dawo ya tarar da su baƙi ƙirin a waje, ciki kuma da sauran jini.

"Malam Digiri," in ji shi, don haka yake kirana, "wa ka yi wa gawayi?"

"Na ɗauka yaji duk ɗaya ne, Kawu."

"Tsire minti nawa yake yi a wuta?"

"Kaɗan."

"Awaza fa?"

Ya ce, "To ƙuli ba ya jure zaman da awaza ke yi. Kai ma da aka zaunar da kai shekara huɗu a aji, ga yadda ka fito."

Daga ranar na san awaza yaji biyu take ci. Na farko shi ne na shafi, babu ƙuli a cikinsa ko kaɗan: gishiri, busasshiyar citta, tafarnuwa, masoro, kimba, ɗan kanumfari, da barkono daidai misali. Ana murza shi cikin nama da tafin hannu tun da safe, a rufe a bar shi ya sha. Na biyu shi ne na gamawa, mai garin ƙuli, wanda ake barbaɗawa bayan nama ya nuna, a shafa ɗan man gyaɗa, a naɗe cikin takarda a mayar gefen wuta ya yi gumi. Wasu masu gashin suna yin dabam, kuma ban ce nasu ba daidai ba ne. Yadda na gani a wurin Kawu nake faɗa.

Sayen kayan yajin ma aiki ne na yini guda. Citta sai an karya ta a ga cikinta, idan ta yi gari kamar ƙwaro ya ci ta a ajiye. Kimba ana babbaka ta sama-sama a fasa a zubar da 'ya'yan, domin su ke kawo ɗaci. Kanumfari mugun abu ne, ƙwaya biyu ta wuce ƙima sai nama ya koma kamar maganin haƙori. Barkono Kawu yakan haɗa iri biyu, mai zafi da mai ja don launi. Ba ma kaiwa inji. Na taɓa ba da shawarar a kai don a huta, Kawu ya ce injin garinmu da safe ya niƙa jiƙaƙƙen gero, da hantsi ya niƙa wake, kuma zafin ƙarfensa yana fitar da man ƙuli ya dunƙule shi. Saboda haka a gida ake daka, a tsakar gidan Kawu, ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Matarsa Inna Tabawa ce ke yin ƙulin da hannunta, ta soya gyaɗa, ta matse mai, ta mulmula tunkuza ta toya ba tare da gishiri ko sukari ba. Har yanzu idan na rufe ido ina jin wannan dakan, taɓarya tana sauka, kaji suna atishawa suna gudu, ƙamshin citta yana tsallake danga ya bi ta kan gonakin gero har masu noma su ɗago kai su san gobe kasuwa ce.

Idan an gama haɗi, Kawu yana da gwajinsa. Yakan ɗebi yaji da yatsu uku ya watsa a kan garwashi, ya sunkuya, ya rufe ido, ya ja hayaƙin da hanci. Wani lokaci ya ce, "Ƙara masoro." Wani lokaci ya ce, "Ya yi." Ba ya ɗanɗanawa da harshe, yana cewa harshe gishiri da zafi kawai ya sani. Ni kuwa, da yake ina tsoron kuskure, na sayo ɗan sikeli da littafi, duk abin da ya ɗiba sai in tare hannunsa in auna in rubuta. Bayan wata uku na duba, babu mako biyu da awon ya zo ɗaya. Na nuna masa, ya yi dariya har da tari.

"Cittar bara da ta bana ɗaya ce? Ragon da ya ci harawa da wanda ya ci leda a bola ɗaya ne? Rubuta wannan ma."

Na kuwa rubuta.

Masu sayenmu mutanen da aka sani ne. Akwai manoman da ke sayar da buhu su zo su sayi ƙashi biyu su kai wa iyali. Akwai malaman makarantar sakandare. Akwai Ɗan'asabe direba, mai jigilar Kano, wanda ba ya cin awazar kowa sai ta Kawu, kuma bakinsa ba ya shiru. Shi ne yake cewa tun daga kwanar shiga gari yake rage gudu, ya sauke gilashi, fasinja su ɗauka mota ce ta lalace. Kasuwar tana da masu gashi uku ko huɗu, naman kowa daga mahauta ɗaya yake fitowa, itacen kowa marke ne ko ƙirya. Abin da ya raba tukubar Kawu da sauran hancinsa ne kawai, kuma kowa ya san haka. Shi ya sa duk wani suna ko walima a ƙauyukan kewaye, shi ake kawo wa raguna.

Sai shekarar da ruwa ya ƙi ɗaukewa. An cire gyaɗa an baza ta a gona tana shan iska, sai sama ta sake haɗuwa, aka yi kwana da kwanaki ana yayyafi. Na tuna gari ya yi wani irin laushi, komai yana ɗiga, tururi yana tashi daga kunyoyi da safe. Gyaɗar mutane da yawa ta yi fumfuna a cikin ɓawonta, a waje lafiya lau, sai an fasa a ga ƙwayar ta dushe. A daidai lokacin Kawu ya kwanta da wani zazzaɓi mai mura, ina jin mako biyu ya yi bai fita ba. Ya tashi ya rame, amma ya koma aiki kamar da.

Ranar da muka haɗa yaji da ƙulin sabuwar gyaɗa, na ji wani abu tun ina tankaɗe. Wari ne siriri a ƙarƙashin ƙamshin, kamar na ɗakin da aka rufe duk damina. Inna Tabawa ta tsince gyaɗar iya ƙoƙarinta, amma wanda ya yini a kan kaskon suya hancinsa ya riga ya cika. Kawu ya watsa yajin a garwashi, ya sunkuya, ya rufe ido.

"Ya yi," in ji shi.

Na ce, "Kawu, kamar dai ina jin wani abu, ban sani ba ko hancina ne, wataƙila kuma turmin ne bai bushe ba."

"Akwai ko babu?"

Akwai maƙwabta biyu zaune a kan tabarma suna kallonmu. Mutumin da ya shekara talatin yana wannan aikin ya ce ya yi. Na ce, "Wataƙila babu."

Kashegari a kasuwa awaza ta fito da kyan gani kamar kullum. Amma da la'asar, da na zagaya bayan rumfa, na ga takardunmu a yashe da sauran nama a jikin ƙashi. Ban taɓa ganin haka ba, mutanenmu har ƙashin suke tsotsewa. Ɗan'asabe ya ci ƙashi ɗaya ya naɗe sauran.

"Baba Ilu, yau ragon nan a rijiya ya kwana?"

Kawu ya yi dariya ya ce masa bakinsa ne ya sha fetur. Aka yi raha aka watse. Mako na biyu ma haka. Mako na uku na hango motar Ɗan'asabe a tsaye gaban mai gashin bakin titi, ya juya mana baya yana ci. Kawu ma ya gani. Ya ci gaba da juya naman da babu mai jiransa.

Ana cikin haka Malam Habu, mai makarantar allo a unguwar gabas, ya aiko. Ɗalibansa sun yi saukar Alƙur'ani, har da 'yarsa ta cikinsa, za a yi walima, an tanadi raguna huɗu, kuma awazar duka Kawu zai gasa wa manyan baƙi. Limamai da dagatai da masu hali na ƙauyuka shida ko bakwai za su zauna a tabarma ɗaya su ci. Idan aka kai musu abin da muke sayarwa a makonnin nan, magana za ta fita daga kasuwa ta shiga kowane zaure, a ce hannun Ilu ya mutu. Mai gashi kuwa idan aka faɗi haka a kansa, da wuya a sake kawo masa rago.

Da sassafe ranar walima muka shafe awaza takwas da yajin farko, wanda ba shi da matsala tunda babu ƙuli. Sannan Kawu ya ce a kawo garin ƙuli a haɗa na gamawa. Mu uku ne a tsakar gida, ni da shi da Inna Tabawa. Na lura babu baƙo, na kuma sake dubawa har zaure. Ya haɗa, ya watsa a garwashin murhu, ya sunkuya. A nan na ga abin da ban lura da shi ba a da. Iska ta kwashe hayaƙin ta yi gefe da shi, bai ko kusanci fuskarsa ba, amma ya ja numfashi ya ce, "Ya yi."

Ban san inda na samo bakin ba. Na durƙusa na ce, "Kawu, ka gafarce ni. Bai yi ba. Ƙulin nan yana warin fumfuna. Mako uku ke nan."

Inna Tabawa ta ajiye rariya. Kawu ya ɗago kai daga garwashin.

"Ba ka ce wataƙila ba," in ji shi.

"Babu wataƙila, Kawu."

Ya zauna a kan turmin da aka kifa. Ya ce, a hankali, tun da ya tashi daga zazzaɓin nan bai sake jin ƙamshin komai ba. Ko turaren Juma'a, ko hayaƙin itace, ko tafarnuwa idan ya murza ta a bakin hancinsa. Yana ta jira ya dawo.

"Shi ya sa rannan tuwo ya kama ka ce ya yi daɗi," in ji Inna Tabawa. "Ni na ɗauka kirki ka koya da tsufa."

Ya murmusa kaɗan. Sannan ya ce, "To yanzu fa? Ƙulin garin nan duk gyaɗa ɗaya ce."

Inna ce ta tuna da riɗin bara da ta adana a tulu don yin kantu. Ban taɓa jin an yi yajin awaza da riɗi ba, kuma na faɗi haka, na ƙara da cewa yana da mai da yawa, zai iya dunƙulewa. Kawu ya ce a soya shi sama-sama har ya fara tsalle, a bar shi ya huce sarai, a daka da sauƙin hannu tare da gishiri don ya sha man. Daga nan muka yi wani irin aiki da ban taɓa yi ba. Shi ke ɗiba da yatsunsa, domin hannunsa bai manta ba, ya watsa a wuta, ni kuma in sunkuya.

"Me ka ji?"

"Riɗi ya danne komai."

Ya ƙara citta. "Yanzu fa?"

"Citta ta fito. Amma bayanta babu kowa."

"Masoro ke nan." Ya ƙara. "Kimba tana nan?"

"Tana nan, daga nesa."

"Bar ta a nesa, nan ne wurinta."

Sau bakwai ko takwas muka yi haka. Rana ta hau, hayaƙi yana tashi shuɗi-shuɗi ta cikin ganyen darbejiya, idona yana hawaye, kaina yana juyawa kamar wanda bai gama farkawa ba. A karo na ƙarshe na ja hayaƙin na ji kowane abu a mazauninsa, babu mai hawa kan wani. Ya tsaya yana jirana. Na ce, "Ya yi."

Bayan azahar aka kai awaza ƙofar gidan Malam Habu a naɗe cikin takarda. Na tsaya daga gefe ina kallo, ɗalibai da allunansu masu zane sun jeru, manya suna buɗe takardu tururi yana fita. Ban iya cin komai ba. Idona yana kan ƙasusuwan da ake ajiyewa, kuma farare suke sauka, babu ko tsoka. Malam Habu ya yafito Kawu.

"Ilu, wannan ba irin wanda ka saba ba ne. Me ka sa?"

"Allah gafarta Malam, sai dai a tambayi Sabi'u. Yanzu shi ke cewa ya yi."

Ranar ce ya fara kirana da sunana a gaban mutane. Malam Habu ya dube ni ya ce, "Ashe karatun bai tafi a banza ba," aka yi dariya, aka sa mana albarka. Ɗan'asabe, wanda ya kawo baƙi daga Kano, ya zo wucewa da ƙashi a hannu ya ce ranar kasuwa a ajiye masa ɓari guda, kuma kada a ba shi na rijiya.

Mun yi sauran shekarar da riɗi, da sabuwar gyaɗa mai kyau ta shigo muka koma ƙuli. Hancin Kawu bai dawo ba har Allah ya karɓi abinsa, shekara shida ko bakwai bayan haka. Duk tsawon lokacin shi ke ɗiba ni ke shinshinawa, a cikin gida, kuma a kasuwa ba mu taɓa faɗa wa kowa ba. Inna Tabawa ce ta ba ni izinin rubutawa yanzu. Wannan nake so samari su gane: jerin kayan yaji kowa zai iya ba ku, ni ma na ba ku a sama. Sanin ranar da ƙuli ya juya, da iya faɗa wa wanda ya girme ku, shi ne ba a samu a minti biyar.

Mutane da yawa da suka ci awazar nan suna raye. Inna Tabawa ta ce ita ta fara cewa ƙulin ya lalace, ni na bi bayanta, kuma ba zan yi musu da ita ba. Ɗan'asabe ya ce raguna uku ne, kuma wai bai taɓa tsayawa a wurin mai gashin bakin titi ba. Duk wanda ya ga na karkace a wani wuri, ya same ni a rumfa ranar kasuwa ko ya aiko, zan gyara. Akwai kuma abu ɗaya da nake roƙo musamman. A shekarun nan, sau biyu ko uku nama ya kama a gaban Kawu yana tsaye bai ji ba, sai wani daga cikin masu saye ya ce, "Sabi'u, duba wutarka," kamar laifina ne. A lokacin na ɗauka tsokana ce. Idan akwai waɗanda suka gane tun tuni suka rufa masa asiri, ina so su faɗa mini, domin ban taɓa yi musu godiya ba.